Sawun da Ya Shigo Bai Fita Ba

"Ka ce mini ba shi ba ne, Baffa. Don girman Allah ka ce mini ba Yaya Zubair ba ne."

"Ɗiyata, ƙasa nike tambaya, ba zuciyarki ba. Ja baya kaɗan, kina taka mini shaida."

Huseina ta ja da baya ta jingina da bango. Baffa Lawali ya tsuguna a bakin ƙofar bayan ɗakin aikin su Huseina a Gwandu, ya tokare haɓarsa da sanda. Bafulatanin Malisa ne, dogo, siriri, shekara arba'in yana bin sawun shanun sata tsakanin Gwandu da fadamun gulbi. Yau kam ba saniya aka sace ba.

A cikin ɗakin jini ya bi siminti ya taru a ƙarƙashin tebur. Da hantsin nan, jama'a duk suna gona saboda ruwan da aka yi da asuba, wani ya tarar da Muzzammil zaune gaban kwamfuta, ya ba ƙofa baya, abin sauraro toshe a kunnuwansa. Ya rafka masa ƙotar fartanya a ƙeya. Duka na biyu ya sauka a hannunsa na dama, yatsu uku suka karye. Sannan ya ragargaza kwamfutar, ya zare ma'ajiyar da aikin yake ciki. Yanzu Muzzammil yana asibiti a Birnin Kebbi, bai farfaɗo ba. Allah sarki, saura wata biyu a ɗaura aurensa da Huseina.

Aikin da aka sace kuwa wasan waya ne, irin wanda yara ke kira gem. Sunansa Garken Inna: yarinya ce ke bin sawun shanun kakarta, mai wasa yana nuna mata hanya, yana warware mata matsaloli. Mutum uku suka yi shekara biyu a kansa. Muzzammil ke gina shi, Huseina ke zana hotuna, abokinsu Abdulrasheed ke haɗa masa kulle, don kada ya buɗe a wayar da ba a ba ta mabuɗi ba. Kuɗin aikin karo-karo aka yi: ɗaliban Kalgo, manoman albasa, matan adashi, har masunta, kowa ya jefa abin da ya samu. An saki babi uku kyauta don a ɗanɗana. Na huɗu, wanda shi ne zuciyar labarin, yana kulle.

Kullen nan shi ya raba gari biyu. Wasu suka ce in ba a kulle ba, masu tura fina-finai a memori za su watsa shi cikin kwana ɗaya, yaran su tashi a tutar babu. Wasu suka ce jama'a suka biya, don me za a rufe wa jama'a ƙofa? Mafi ƙarfin murya a cikin na biyun shi ne Zubair, yayan Huseina, mai shagon caji da tura fina-finai a kusa da tashar Kalgo. Makon jiya ya yi magana a guruf ɗin waya na masu karo-karo, ya ce zai fasa kullen nan ko da sai ya fasa kan mai shi. Mutum ɗari huɗu suka saurara.

"Wa ya fara ganin yaron?" in ji Baffa.

"Abdulrasheed. Ya shigo ta ƙofar gaba, ya tarar da shi cikin jini, ya kurma ihu. Shi ya nuna wa mutane sawun nan. Yana can asibiti tare da shi."

Ƙofar gaba lungu take kallo, kuma taron jama'a ya tattake wurin, ko sawun jaki ba za a gane ba. Ƙofar baya kuwa gonar gero take kallo. Wata siririyar hanya ta ratsa gonar har bakin titin da ake bi zuwa Birni, daga can a wuce Kalgo. A kan jiƙaƙƙiyar ƙasar hanyar akwai sawun takalmin roba, jere, bakinsu duk yana fuskantar ɗakin.

"Ki tsaya nan," in ji Baffa.

Ya bi gefen sawun a hankali, yana sunkuyawa. Takun gajeru ne. Dunduniya ta nutse sosai, amma ɓurɓushin ƙasa ya watsu ta inda bai kamata ba. A tsakiyar gonar ya ga ɗigon jini guda a kan ganyen gero, daidai tsayin hannun mutum. Ya daɗe yana kallonsa. Mutumin da ke zuwa duka bai riga ya taɓa jini ba.

A bakin titi sawun ya yanke. Baffa ya sa sanda ya buɗa ciyawa. Bulon siminti ne guda, kwance, bayansa a bushe ƙarau duk da ruwan asuba. Babu gini ko ɗaya a kusa.

Dattijon ya dafe bakinsa. "Kai, Lawali," ya ce a hankali, "bakinka ya yi ɓarna." Ya karyo ganye ya rufe bulon.

Sai ga Huseina a guje, waya a hannu, mayafinta na jan ƙasa.

"Baffa! Mutanen gari sun cika mota biyu tun ɗazu, sun tafi Kalgo! Za su kashe Yaya Zubair!"

Baffa da Huseina suka tari mota zuwa Kalgo. Tun daga nesa suka hango hayaƙi. Shagon Zubair na ci da wuta, wayoyin mutane da aka kawo caji suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, warin roba ya cika tasha. 'Yan sanda biyu da ke wurin an ture su gefe. A tsakiyar titi Zubair ne kwance, riga a yage, leɓe a fashe, ido ɗaya ya kumbure ya rufe. Ana sauke masa sanduna a baya kamar ana sussukar gero. Wani saurayi yana gangaro tsohuwar taya, wani yana jijjiga galan ɗin fetur.

Huseina ta kwala ƙara ta faɗa kan yayanta. Sanda ta same ta a kafaɗa, ba ta ɗaga ba.

Baffa bai yi gudu ba. Ya ratsa taron, ya juya sandarsa sau ɗaya, ta sauka a wuyan hannun mai galan. Galan ya faɗi. Ya sake juyawa, mai taya ya durƙusa yana riƙe da ƙauri. Dattijon ya tsaya a kan 'yan'uwan biyu, ƙafa ɗaya nan, ƙafa ɗaya can.

"Wanda uwatai ta ƙoshi da shi, shi matso."

Aka ja baya. Duk wanda aka taɓa sace wa akuya a ƙasar nan ya san fuskar nan.

Wani kakkauran mutum mai gilashi ya fito yana haki. Malam Muhammad Sani ne, malamin sakandare a Gwandu, shugaban masu karo-karo.

"Baffa, ka kauce. Da bakinsa ya faɗa, mutum ɗari huɗu sun ji. Ga sawu ya fito daga titin Kalgo. Me ya rage?"

"Malam, kai alli ka iya karantawa, ni ƙasa. Ka taɓa ganin na shiga ajinka?"

"Yaronmu na can tsakanin rai da mutuwa!"

"Wanga ma ɗan wani ne. Ku ba ni shi. Mu kai shi hannun mai unguwarku a Gwandu, a kulle shi. Gobe da hantsi ku taru a ƙofar ɗakin. In ban nuna muku mai ƙafar ba, ku sayi taya biyu, ɗaya tawa."

Aka yi ta hayaniya, amma babu wanda ya sake ɗaga sanda.

A cikin mota Zubair ya jingina kansa a jikin ƙanwarsa, jini na ɗiga a kan zanenta. Wata uku ba su yi wa juna magana ba, tun ranar da ta ce masa ɓarawon gumin mutane. Yanzu ga ta tana share masa fuska da bakin mayafi, tana kuka ba sauti.

"Kai, mai baki," in ji Baffa daga kujerar gaba. "Ka ce za ka fasa kai?"

"Na faɗa, Baffa. Zafin gardama ne. Mijin ƙanwata ne fa."

"Ina kake da hantsi?"

"Na je neman fetur na janareta, a kan babur."

"Wa ya gan ka?"

Zubair ya share jinin leɓensa.

"Babu," ya ce. "Gidan mai biyu na tarar a rufe, na dawo."

Baffa ya leƙo ya dubi ƙafarsa. Takalmin roba ne, irin na sawun, girma ɗaya. Huseina ta ga inda idonsa ya sauka.

"Rabin Kebbi irinsa suke sawa!" ta ce.

"Ban ce komi ba, ɗiyata. Kai, babin nan na huɗu, ka gan shi?"

Zubair ya yi dariya, ta koma tari. "Wata guda cur ina fama da kullen nan. Abdulrasheed aljani ne, ko tsinke bai bar mini ba. Da na gani ai da Kalgo duka ta gani."

"Ke fa? Kin nuna mishi? Kin ba shi labari?"

"Ko gaisuwa ba ma yi, Baffa."

"Mutum nawa ke da mabuɗi?"

"Huɗu. Ni, da Muzzammil, da Abdulrasheed, sai Malam Muhammad Sani, don shi ke gwada mana."

Baffa ya juya ya fuskanci titi.

Washegari bayan sallar asuba Baffa ya tarar da Malam Muhammad Sani a zaurensa yana shan kunu.

"An ce kun yi cacar baki da Muzzammil ranar Lahadi."

Malam ya ajiye ludayi. "Yanzu kuma ni ne? Eh, mun yi. Sau uku yana ɗaga ranar sakin wasan. Ni mutane ke tarewa a kasuwa. Na ce masa in bai saki ranar Juma'ar nan ba, ni da shi ne."

"Kai ma ka iya faɗin magana irin ta Zubair ashe. Taya nawa anka saya maka?"

Malam ya sunkuyar da kai. "Da hantsi ina aji, yara sittin shaiduna."

"Babi na huɗu, ina ka kai?"

Nan fuskar malamin ta canza, kunya ta kama shi. "Baffa, wannan tsakanina da kai. Ban wuce gulbi ba. Akwai wani kada a mashigin farko, sau goma sha tara yana cinye ni. Yarana na gida har waƙa suka yi mini."

Ya miƙo wayar. Ga yarinyar a bakin ruwa, ga kada ya buɗe baki. Baffa ya kalla, gefen bakinsa ya motsa.

"Bi ta inda shanu sunka bi, Malam. Saniya ba ta shiga inda kada yake."

Yana fitowa ya ci karo da Abdulrasheed a bakin lungu, ya sauka daga motar farko ta Birni. Saurayi ne fari, mai sanyin murya, idanunsa jajur, busasshen jinin abokinsa har yanzu a gaban rigarsa.

"Ya mai jiki?"

"Ya motsa yatsun hagu, Baffa. Likita ya ce a yi addu'a."

"Allah shi tashi kafaɗunsa. Kai ka haɗa kullen, ko? An ce ya gagari kowa."

"Dole ya gagara." Muryarsa ta yi kauri. "Ka san yayana Lukuman. Shekara uku yana haɗa waƙoƙinsa, ya sayar da gonar gadonsa. Ranar da suka fita, kafin azahar suna cikin kowace waya daga nan har Jega. Kowa na rera su, shi kuwa ko kuɗin sabulu bai gani ba. Ya koma kabu-kabu. Tirela ta bi ta kansa, waƙarsa na tashi a shagon da ke bakin titin."

"Allah shi jiƙan shi. Sannu, ɗana."

Baffa ya ɗora masa hannu a gadon baya, irin na ta'aziyya. Saurayin ya zabura ya gantsare, ya ja iska ta haƙora.

"Kwanan benci ne a asibiti," ya ce da sauri.

"Benci ba shi da tausayi," in ji Baffa. "Ka zo taro da hantsi."

Hantsi bai gama ɗagawa ba filin ƙofar ɗakin ya cika. Mai unguwa ya zauna a kujera ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Aka fito da Zubair, hannu ɗaure da igiya, yana jan ƙafa. Sanduna sun fi na jiya yawa, kuma wani ya jingina taya a bango inda kowa zai gani. Huseina ta tsaya kusa da yayanta. Malam Muhammad Sani da Abdulrasheed suna gaba.

"Lawali," in ji mai unguwa, "ga jama'a. Mi ka gani?"

"Ranka shi daɗe, na ga sawun da ya shigo bai fita ba. Sai na tambaye shi, ya ce mini ƙarya anka yi mishi, shi fita ya yi. Mai tafiya gaba, ƙasa tana watsuwa gabansa. Wanga ƙasarsa bayan dunduniya ta watsu. Ga jini a ganyen gero a tsakiyar hanya. Mutumin daga ɗakin nan ya fito, bayan ya yi duka, ya tafi da baya da baya har titi, don ku ce daga Kalgo anka zo. Kun kuwa ce."

Aka fara gunaguni. Wani ya ɗaga murya: "Zubair ma ai zai iya tafiya da baya!"

"Zubair zai zana kibiya ta nuna garinsu? Ka yi shiru ka ji." Baffa ya yafito samari biyu. "Ku bi gefen hanya, kar ku taka sawu. A bakin titi akwai ganye a tare. Ku ɗauko abin da ke ƙasa."

Suka dawo da bulon, suka dire shi a gaban mai unguwa. Baffa ya nuna jikin bangon ɗakin ta baya, inda aka jera ragowar bulon gini a ƙarƙashin rumfa. A saman jerin akwai gurbin guda.

Huseina ta dubi bulon, ta dubi gurbin. Sai ta dafe ƙirji.

"Goyon dutse," ta ce, muryarta na karyewa. "Babi na huɗu."

"Faɗa musu, ɗiyata."

"A cikin wasan, ɓarawon shanun yana goya dutse a bayansa da rawani, ya yi tafiya da baya. Nauyin yana sa dunduniyarsa ta nutse kamar ta mai tafiya gaba, sai mai bin sawu ya ruɗe. Kai ka koya mana, Baffa, a gindin tsamiya a Malisa."

"Ni na koya muku. Kuma ƙarya ce."

Mai unguwa ya gyara zama yana kallonsa.

"Ranka shi daɗe, yaran nan sun zo wurina sau uku, suna son sirrin ɓarayi su sa a wasa. Ni kuwa ubana ya gargaɗe ni: wanda ya zo tambayar dabarun ɓarayi, ka ba shi gaskiya tara, ka sa mishi ƙarya ɗaya. Ranar da ka ga ƙaryarka a ƙasa, ka san bakin da ya ci tuwonka. Mu ma muna da kulle namu, tun ba a yi waya ba. Goyon dutse ni na ƙaga shi a ranar. Babu ɓarawon da ya taɓa yin sa tun da anka halicci saniya, don ba ya ɓoye komi, sai dai ya karya maka baya. Mutum uku na faɗa wa. Daga nan ya shiga babi na huɗu, anka kulle, waya huɗu kaɗai ke buɗe shi."

Ya ɗaga yatsu huɗu, ya fara lanƙwasawa.

"Muzzammil bai doki ƙeyar kansa ba. Malam kada ya hana shi isa wurin." Wasu suka tuntsire da dariya, Malam ya cire gilashi yana gogewa. "Huseina, sawunta biyu za su shiga cikin wancan guda."

"Ita ta gaya wa yayanta!" in ji Abdulrasheed. Karo na farko ke nan da ya yi magana, muryar kuma ta fita da ƙarfin da ya wuce kima.

Huseina ta juyo ta zuba masa ido. "Abdul," ta ce. "Kai muka ɗauka a bidiyo. Kwana biyu kana tafiya da baya da dutse, ina zana motsinka. Har Muzzammil yana tsokanarka wai ka fi ɓarawon iyawa."

"Wasa ne wannan! Wasa!"

"To a raba gardama," in ji Baffa. "Bulo yana da kaifi, zufa ta jiƙa riga. Wanda ya goya shi daga nan har titi, ya bar mishi sawu a baya. Su biyun su tuɓe riga."

Aka ɗaga ragowar rigar Zubair. Bayansa duk shatar sanda ce, dogaye, ja da baƙi, sun gicciya juna. Mata suka kau da kai.

"Wannan aikinku ne na jiya," in ji Baffa. "Ku kalla da kyau. Saura kai, ɗana."

Abdulrasheed ya yi taku ɗaya baya, sannan ya zabura ya nufi gonar. Bai kai geron ba aka kwashe masa ƙafa. Ya kifa, haɓarsa ta daki ƙasa, haƙori ya ɓalle. Hannuwa suka yage rigar. A ƙasan kafaɗunsa akwai saɓar fata biyu, ɗanyu, da layi miƙaƙƙe tsakaninsu. Baffa ya sa aka kawo bulon aka kara. Faɗinsu ɗaya.

Aka jawo shi gaban mai unguwa, baki cike da jini da ƙasa.

"Don mi?" in ji mai unguwa. "Abokinka ne tun kuna allo."

"Ya ce zai cire kullen." Abdulrasheed yana magana yana shessheƙa. "Jiya da safe ya gaya mini. Ya ce ya yi istihara, ya ce Zubair ya fi mu gaskiya, matan da suka ba da kuɗin adashinsu ba za su roƙi mabuɗi ba. Ranar Juma'a zai sake shi a buɗe, ya ba Huseina mamaki. Na roƙe shi. Na tuna masa da Lukuman. Sai ya ce, Abdul, ka bar matattu su huta. Ya mayar da abin sauraro kunnensa, ya juya mini baya. Shekara biyu ina gina katanga, ya rushe ta da magana ɗaya, ya juya mini baya! Fartanyar tana jingine a bango. Wallahi ban san na ɗauka ba."

"Bulon fa?" in ji Baffa. "Shi ma ba ka san ka ɗauka ba?"

Saurayin ya kifa goshi a ƙasa.

"Ina ma'ajiyar?"

"Tana rumbun gidanmu. Na ɗaga dutse zan fasa, na kasa."

Sai filin ya ɓarke. Sandunan da aka tanada domin Zubair suka juya. Ta farko ta sami Abdulrasheed a kunne, ta biyu a haƙarƙari, wani ya ruga ya ɗauko tayar. Baffa ya tare sanda uku da tasa, ta huɗu ta fasa masa goshi, jini ya gangaro cikin farin gemunsa, bai gusa ba. Wanda ya faɗa kan Abdulrasheed ya rufe shi da jikinsa kuwa Zubair ne, hannunsa har yanzu a ɗaure.

"Ku bari!" yake ihu. "Ku bari! Na san zafinta, ku bari!"

Sandunan suka tsaya a sama. Malam Muhammad Sani ya fizge tayar ya wurga ta cikin gona, ya tsaya yana huci, hawaye na bin kumatunsa. Mai unguwa ya sa dogarawansa biyu suka ɗaga Abdulrasheed, suka sa shi a mota, a kai shi hannun hukuma. Ya zaro wuƙa da kansa ya yanke igiyar hannun Zubair.

Zubair ya zauna a ƙasa yana kallon motar. "Waƙoƙin Lukuman," ya ce, ba da kowa yake ba. "Na tura su. Ban san adadi ba. Ban taɓa tambayar ko ya ci abinci ba."

Malam ya matso a hankali, ya kasa haɗa ido da shi, sai ya juya wajen Huseina.

"Malama, yanzu ke kaɗai kika rage a tsaye cikin ku ukun. Mu mun rasa bakin magana. Wasan nan, a kulle ko a buɗe?"

Huseina ta dubi taron. Ta san fuskokin nan, wasu ajinsu ɗaya, wasu sun ci abinci a gidansu. Kafaɗarta na zugi inda sandar jiya ta sauka. Ta tuna hannun Muzzammil na dama, wanda yake riƙe mata fensir in ta gaji, yanzu naɗe cikin bandeji a wani gado a Birni. Ta share fuska da bayan hannu, ta ɗaga murya yadda na bakin lungu zai ji.

"Mai aikin ya riga ya yanke, kuma don ya yanke aka fasa masa kai. Ba zan canza masa ba. Yau ina asibiti wurinsa. Ku kuma kuna da kwana biyu: duk hannun da ya riƙe sanda jiya ya ɗauki kwano da katako ya tafi Kalgo, ya tayar da shagon yayana. Yaya, kai kuma daga yau duk aikin da ka tura, sai mai shi ya sani, sai ya ci. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a shagon nan zan saki Garken Inna babu kulle, kuma Yaya Zubair ne zai tura wa mutum na farko."